Suna na Arba'in da Ɗaya

An turo Surayya daga jami'a ta ƙiyasta buhun shinkafa nawa manomin rani yake samu a wani ƙauye kusa da Bunkure. Manoma ɗari tara ne a jerin da aka ba ta, ba za ta iya bin kowa ba, sai ta fitar da sittin ta hanyar ƙuri'a. Ɗaki ta kama a Kura, ba ta san kowa ba, kullum sai ita da takardunta.

Suna na arba'in da ɗaya wata dattijuwa ce, Indo, can ƙarshen magudanar ruwa. Mai unguwa ya ce wurin da nisa, ta musanya da wani na bakin titi. Surayya ta ba shi haƙuri, ta ce in na kusa kawai ta tambaya, lissafin zai nuna kamar kowa ruwa na isarsa.

Babur ya ajiye ta inda hanya ta ƙare, ta taka sauran a kan kunya. Ta tarar da Indo tana kaɗa gwangwani tana korar tsuntsaye. Tsohuwar ta shimfiɗa mata buhu, ta yi ta kallon takardar hannunta.

"Musbahu ne ya aiko ki?"

Ɗanta ke nan, shekara shida da tafiya kudu, ba waya, ba saƙo.

"A'a, Baba. Ƙuri'a ce ta faɗo kan sunanki."

Indo ta ɗauke ido daga takardar, ta ce to, a yi tambayar. Mutum nawa ke ci a tukunyar gidan? Ita kaɗai. Buhu nawa bara? Huɗu, don ruwa kan iso mata ne bayan kowa ya ƙoshi.

Cikin minti ashirin suka gama, amma Surayya ba ta tashi ba. Suka ci rogo da ƙuli, Indo na ba ta labarin lokacin da aka haƙa magudanar, tana amarya. Tare suka yi la'asar.

Da Surayya za ta tafi, Indo ta tambaya ko za ta dawo baɗi. Surayya ta gaya mata gaskiya: sabuwar ƙuri'a ake yi duk shekara, da wuya sunan ya sake fitowa.

"Allah ya kiyaye hanya, 'yata," in ji Indo. Ta ɗauki gwangwaninta ta koma cikin shinkafa.