Tayil a Tsakar Gidan Inna

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Katsina ce kasuwa ta buɗe wa Nu'uman. Shanu yake saye a Mai'adua ya loda su kudu, kuma cikin shekara uku ya zama wanda ake matsa wa a tabarma idan ya iso majalisa. Da ya samu bai manta da uwarsa ba. Daga nan ma matsalar ta faro.

Inna Hadijatu tana zaune a gidan marigayi mijinta, a Daura, ba nisa da rijiyar Kusugu, tare da Nu'uman da matarsa Lubna. Tsakar gidan daɓe ne, ita ta daɓe shi da hannunta tun tana da ƙarfi. Yanzu ta haura saba'in, gwiwa ta yi tsami, ido ya rage, amma ƙafarta ta san kowane tudu da kwari na wurin, ko sanda ba ta riƙewa. Sai Nu'uman ya ga tayil a gidan wani abokin cinikinsa a Kano, ya rantse uwarsa ba za ta ƙara taka ƙasa ba.

Magina suka shimfiɗa shi fari fat, mai ƙyalli, har mutum yana ganin fuskarsa. Matan unguwa suka yi ta shigowa kallo suna sa albarka. Kayan ne suka ƙare kafin aiki ya cika, aka bar wani siririn daɓe a gindin katanga, daga ƙofar ɗakin Inna zuwa kusa da banɗaki.

Ranar farko da ta yi alwala a kansa, silifas ɗinta ya zame, ta cafki igiyar shanya da ƙyar. Ta daɗe a tsaye riƙe da igiyar. Tsoro ya shige ta, irin wanda ba ta taɓa ji a gidan nan ba. Tun daga ranar take bin gindin katanga, hannu ɗaya a bango, ɗaya riƙe da buta. Amma daɓen bai kai ƙofar banɗaki ba, saura taku huɗu a kan tayil, kuma wurin kullum a jiƙe yake.

To me zai hana ta faɗa? Nu'uman ɗan fari ne. Shekara hamsin da biyu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. Idan ya durƙusa gaisuwa, bango take amsa wa. Haka uwarta ta yi, haka kakarta, kuma ita tana alfahari da cewa ba a taɓa kama ta da rashin kunya ba. Yaya za ta buɗe baki ta ce wa ɗan fari kyautarsa ba ta yi ba?

Sai ta gaya wa Lubna, ita ma a kaikaice, suna tsince shinkafa.

"Abin nan na mutumin nan akwai santsi."

Lubna ba ta yi nauyin baki ba. Da yamma ta sanar da mijinta, shi kuwa ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Inna, an ce tayil ɗin yana ba ki wahala. In haka ne a fasa shi gobe."

Inna ta san yadda ya ci buri a kan aikin nan. Maganar ta zo mata har maƙogwaro. Ta juya fuska ga bango.

"Allah ya yi albarka," ta ce.

Ya tashi da murna. Ta ji shi a tsakar gida yana ce wa Lubna ta daina sa wa tsohuwa magana a baki.

Sai Inna ta nemo tata dabarar, kuma muguwar dabara ce. Ta rage shan ruwa don ta rage zuwa banɗaki. Kunun safe ta kurɓa sau biyu ta ture. Alwalar azahar ta riƙe ta har la'asar, wani lokaci har magariba. Ga zafin bazara na Daura. Lubna ta lura randar ɗakin ba ta raguwa, ta yi magana, Inna ta ce tsufa ne, ƙishirwa ta daina kama ta. Idan ta miƙe sai ta ga duhu-duhu, ta dafa gado har ya wuce.

Wata Talata da hantsi Lubna ta gama wanki, ruwan sabulu ya gangara wajen banɗaki. Inna ta bi katangarta lafiya. A taku na biyu kan tayil jiri ya ɗebe ta, ƙafa ta tafi, babu abin kamawa. Ta ji ƙarar ƙugunta kafin ta ji zafin.

A asibiti a Katsina aka yi mata aiki. Likitar, wata mace mai faɗa, ta ce in ana so ta sake tafiya, dole ta riƙa takawa da sanda kullum, kaɗan-kaɗan, a wurin da ba santsi. In ta kwanta, ta kwanta ke nan.

Ranar da aka dawo da ita ɗakin ya cika da 'yan dubiya. Nu'uman ya durƙusa a bakin ƙofa, ya rame, idonsa ja.

"Inna, don Allah me ya kayar da ke?"

Lubna ta ɗago kai tana kallonta, kallon roƙo. Mata goma sha suna saurare. In Inna ta faɗi gaskiya, gobe Daura kaf za ta ce Nu'uman ya karya uwarsa da kuɗinsa. Ta fi jin tausayinsa a kan nata ƙugun.

"Tuntuɓe na yi," ta ce wa bango. "Inda daɓe ya haɗu da abin nan."

"Na sani," in ji shi. "Laifina ne da na bar aikin bai ƙarasa ba."

Washegari magina suka dawo. Tana kwance tana jin diga tana cin daɓen gindin katanga, tun daga ƙofarta har banɗaki. Kafin la'asar sun gama shimfiɗa tayil a wurin, sun wanke shi tas.

Bayan sati biyu Lubna ta kawo sabuwar sanda, ta tallafe ta har bakin ƙofa. Inna ta tsaya tana duban farin filin nan mai ƙyalli, bango zuwa bango, babu inda za ta sa ƙafa.

"Mayar da ni," ta ce.

"Inna, likita ta ce ko taku uku ne."

"Na ji abin da ta ce. Mayar da ni, 'yar nan."

Lubna ta kwantar da ita tana kuka a ɓoye. Inna Hadijatu ta ƙara wata bakwai a duniya, duk a kan gadon nan. Ba ta sake ƙetare tsakar gidanta ba sai a kafaɗar mutane.