Abin da Likita Bai Rubuta Ba

…ga ta nan kuma, "wataƙila". Wataƙila! Rhonda Kucera tana kallon kalmar a fuskar kwamfuta kamar ta tofa mata yawu. Mace ta zo asibiti kai na sara, jiki ya ɗau zafi, gwajin jini ya fito ƙarara, West Nile, cutar sauro, amma Dakta Lindqvist ya rubuta "wataƙila wata ƙwayar cuta ce", ya sa hannu, ya kama gabansa. Ita kuwa aikinta ke nan, ta karanta abin da likita ya rubuta ta mai da shi lamba. Abin da ya rubuta fa, ba abin da idonta ya gani ba. Lambar cutar na bakinta, A92.30, ko cikin barci aka tashe ta za ta faɗa — to wa ya tambaye ta? Sai dai ta buga ta zazzaɓin da ba a san dalilinsa ba. Ba a san dalilinsa ba! Sauron da ya yi cizon ai ya sani.

A tura masa tambaya, wai cikin ladabi. Kada a sa wa likita magana a baki. "Dakta, ko za a ƙara fayyacewa?" Fayyacewa… ya amsa ranar da ya huta, in yana hutawa.

Ba wannan ke cin ta ba ma. Adireshin ne. Layin bayan coci. Makon jiya mai gyaran tarakta na ƙarshen layin, shi har ƙwaƙwalwa cutar ta taɓa masa, yau kuma Misis Hruska. Misis Hruska da shinge kawai ya raba ta da gidan Baba! Baba da gangunansa na ruwan sama, a buɗe, tsutsa na rawa a ciki. Tsofaffin tayoyi jibge bayan gareji, ya ƙi zubarwa, wai wata rana za su yi amfani. Da almuru ya baje a baranda daga shi sai singileti, rediyo na ba shi farashin masara, sauro na biki a kansa — ga hankakan nan da ya tsinta matacce a bakin lambu, ya kwashe da shebur yana dariya. Dariya! Tsuntsu ke fara mutuwa, Baba, tsuntsu, sannan mutum. Makon jiya ma sai da ta yi masa magana.

"Baba, ka riƙa shafa maganin sauro."

"Ke 'yar nan, tun ina yaro sauron Nebraska ke cina, shi ya rame, ni ina nan."

"To ka zubar da ruwan gangunan."

"Tumatir ɗina ya sha me, ruwan famfonku mai warin magani? Uwarki ma ta yi ta gaji. Wai me ya faru ne?"

Me ya faru… Bakinta ya buɗe, sunan mai gyaran tarakta ya zo har kan harshe. "Ba komai." Ba komai, ta ce da ubanta! Don ta sa hannu a takardar riƙe sirrin marasa lafiya. Janelle, shugabarsu, da murmushin nan nata na mai rabon alewa: "Abin da kika gani a fayil, ko mijinki kada ya ji." Corinne, abokiyar aikinsu, ba ga ta nan ba? Magana ɗaya ta suɓuce mata a wurin gyaran gashi, kafin la'asar an raka ta bakin ƙofa da kwalin kayanta. Ita kuma in aka kore ta, inshorar lafiyar mijinta Dale fa? Allurar sukarinsa a jikin aikin nan take rataye. Miji a hannun dama, uba a hagu — wanne za ta saki? Wane mara imani ya zauna ya tsara wannan? Ta san dalilin dokar, ta sani, ba ta son nata sirrin a bakin mutanen gari, amma yau haushinta take ji kamar ta yi ihu.

Da zai ji sunan Hruska, da yau ɗin nan ya kifar da gangunan. Ta san shi sarai. Ba ya jin gargaɗi, sai suna. Suna kuwa shi ne ba ta da iko da shi.

Kofi ya huce. Fanka na juya iska mai zafi. Ta buga lambar da ta san ba ita ba ce, ta tura, fayil na gaba ya hau.

Kucera, Emil.

A'a. Akwai wani Emil Kucera ne a… shekarar haihuwa ta Baba ce. Ɗakin gaggawa, ranar Litinin. Litinin? Litinin da ta kira bai ɗauka ba, washegari ya ce ya je kamun kifi, muryarsa a dishe, ta ce mura ce, ya ce mura ce. Kamun kifi! Tsoho da furfurarsa, ya shirga mata ƙarya, ita kuma ta haɗiye har tana tambayarsa ko ya kama babba!

Fayil ɗin dangi ba a buɗewa. A mayar wa Janelle, ta ba wata. Na'urar na rubuta duk yatsan da ya taɓa, da lokacin da ya taɓa. Komai na ciki, zafin jikinsa, wuyansa ya ƙage ko bai ƙage ba, an ɗebi jini ko an ba shi ƙwayar ciwon kai an sallame shi — wata can da ba ta san fuskarsa ba za ta karanta tana cin biskit, ita da ya haifa ba dama.

Waya. Ta ce masa me? "Wa ya faɗa miki?" Zai tambaya, dole ya tambaya. Oho, ya tambaya ɗin, ya zage ta ma, ya dai yi magana.

Tana shiga… tana ta shiga. Yana lambu ne. Lambu da tsakar rana, a wannan zafin? Kibiyar kwamfuta na kan sunansa, yatsanta ya yi nauyi, ta gaji, wallahi ta gaji.

Ɗauki mana, Baba… ɗauki.