Galmar Chindo a Fiffiken Shamuwa

Da Chindo ya ji cewa ɗansa ya kwashe tsofaffin kayan noma ya ba Munkaila mai walda, ko furarsa bai ƙarasa ba ya hau motar kasuwa daga Tsarnawa zuwa Konni. Galmarsa yake nema, wadda ya yi ta huɗa da ita har bakinta ya cinye, shi ma bayansa ya ranƙwafa.

Ya iso bakin garejin Munkaila da faɗa a bakinsa, sai ya ga wasu dogayen ƙafafu na ƙarfe a gabansa. Ya bi su da kallo, ya dafa sanda, ya miƙe a hankali har ƙashin bayansa ya yi ƙara. Shamuwa ce, ta fi katanga tsawo. Bakinta tsohon almakashin tela ne, wuyanta sarƙar motar siminti ta Malbaza, gashin fiffikenta kuwa laujuna da fartanyu ne, an jera su ba wanda ya hau kan wani a banza. Wannan yaro mai walda hannunsa na da albarka, in ji Chindo a ransa.

Can a ƙarshen fiffiken dama ya hango galmarsa, rana na dukanta.

Munkaila ya ajiye tabarau ya durƙusa. "Baba, in ciro maka ita?"

Chindo bai sauke kansa ba. "Wa ya aike ka? Bar ta nan. Ni da ita mun gaji da kallon ƙasa."