Ɗakin da Ya Rage

Tun safe Yaya Babba yake kunna injin walda yana kashewa. Ƙofar da aka kawo masa gyara tana jingine, bai ko taɓa ta ba. Yau tela zai je duba ɗakin Inna, ita kuwa ba wanda ya gaya mata an sa ɗakinta haya.

Haka gidansu yake karantar da 'ya'ya. Su tara ne, kuma duk wanda ya samu jami'a, ɗaki ɗaya ake zuba wa ɗan haya. Falon marigayi babansu ya tafi da karatun Likita. Ɗakin samari ya tafi da na Lauya, har ɗakin ajiya bai tsira ba. Yanzu Auta ya samu gurbi, ɗakin da ya rage kuwa na Inna ne. 'Yan'uwa sun taru sun yanke cewa ta koma gidan babbar 'yarta, suka bar wa Yaya Babba faɗa mata. Ya je ya fi a ƙirga, ya gaishe ta, ya tambayi ƙafarta, ya taso. Ko labarin samun gurbin ba su ba ta ba, don in ta ji wannan za ta gane wancan.

Ya jefar da tabarau, ya rufe shago, ya bi titi da sassarfa ko zai riga telan isa.

Bai riga shi ba. Ya tarar da shi durƙushe a gindin gadon Inna yana jan tef ɗin awo, ita kuma tana riƙe masa ɗaya bakin a jikin bango.

"Yayansu, shigo mana," in ji Inna. "Ka tsaya a ƙofa kamar kai ne baƙon."

"Inna, dama ina so in..."

"Dama kana so. Wata guda kana zuwa tambayar ƙafata. Ƙafar nan ko sabuwa ce ai ta gaji da gaisuwa." Ta dubi tela. "Kekenka zai shiga nan, ɗan nan. Amma tagar tana yoyo, ka sa wannan ya gyara maka, sana'arsa ce."

Tela ya naɗe tef ɗinsa, ya ce bari ya leƙa makewayi, ya sulale.

Yaya Babba ya zauna a ƙasa. Ya so ta yi faɗa, ko ta ce ba inda za ta. Da ya samu abin da zai kai wa ƙannensa, ya huta.

"Me Auta zai karanta?" ta tambaya.

"Haɗa magunguna."

Ta gyaɗa kai, ta shafa katifar da tafin hannu.

"A kan gadon nan na haife shi. Ya ci jarrabawa, sai a bakin tela zan ji."

"Laifina ne, Inna."

"Ban tambaye ka mai laifi ba. Ɗakin ku ba telan. Amma kada ka taɓa mini ko tsinke, kai da sauran. Wanda zai ci kuɗin ɗakin shi zai zo ya kwance gadon nan, ya ɗauka a kansa, ina biye da shi har gidan yayarku."

"Yaro ne, zai ji nauyi."

"So nake ya ji."

Yaya Babba ya miƙe, ya sa takalmi, ya fita neman Auta.