Motar da Muka Bar wa Teku

A shekarun da nake da rumfar soya kifi da dankali a gaɓarmu ta kudancin Kalifoniya, rana ba ta gaggawar faɗuwa. Sai ta tsaya can saman ruwa kamar mai jiran wani, ta rina komai ja: yashi, gashin 'yan mata, gilasan motoci. Samari kuwa tun da sassafe suna kan katakansu suna hawan igiyar ruwa. In sun gaji su zo su zube a inuwar rumfata, gishiri na bushewa a kafaɗunsu, suna ce mini Kawu Orval alhali ban haɗa jini da ko ɗayansu ba.

A cikinsu akwai Wendell, dogo siriri, hancinsa kullum a saluɓe saboda rana. Abu biyu ya mallaka a duniya, mota da murya. Motar tsohuwa ce mai jikin katako, a bayan wani gareji ya tsinto ta kaji na yin ƙwai a kujerarta. Ya kankare ta, ya shafe ta da mai har kana ganin haƙoranka a jikinta. Muryar kuwa siririya ce, in ya ɗaga ta sama sai ka ji kamar an buɗe taga.

Shi da budurwarsa Lorna da wani abokinsu Rufino mai kiɗan ganga suka buga faifai guda a ɗakin ajiyar motar babanta. Irin waƙoƙin lokacin ne, in ka ji ɗaya ka ji duka: rana, ruwa, mota, yarinya. Na faɗa musu haka, suka ce ai ni kunnena ya toshe da man suya. Suka kai faifan wata ƙaramar tashar rediyo da ke bayan tudu, mai gabatarwa ya yi alkawari zai sa ranar Lahadi kafin faɗuwar rana. Ranar Litinin da safe kuma bas zai kwashi Wendell, don gwamnati ta kira shi soja. Bai nemi komai ba illa ya ji muryarsa ta fito daga rediyo sau ɗaya kafin a aske masa kai.

To, tashar ba ta da ƙarfi, tudun da ke bayanmu yana tare ta. A kan titi can sama ana kama ta ras. A ƙasa kuwa wuri ɗaya ne, wani harshen yashi da ke miƙewa cikin teku, wanda ba ya fitowa sai ruwa ya janye.

Na ce masa, "Ɗan nan, hau titi ka ji abarka cikin kwanciyar hankali."

Ya ce, "Haba Kawu, a kan kwalta? Waƙar teku ai da ƙafa cikin yashi ake fara jin ta. In ba haka ba, ba ta yin albarka."

Haka suka yi imani, dukansu. Ban san wanda ya fara faɗa ba, amma ba yaron gaɓa da zai karya wannan.

Rufino ya ce, "Rabu da Kawu, shi ko wanka ba ya yi sai ya duba jarida ya ga ko ruwa na nan."

Na ce, "Kai da gangarka ke gudu tana barin waƙa a baya, har kana da bakin magana?"

Da la'asar Wendell ya gangara da motar har ƙarshen harshen yashin, ya zare eriya, ya kashe inji, don in inji na aiki rediyon sai ƙarar soya yake yi kamar kaskona. Na rufe rumfa na bi su da kwandon dankali. Mutane suka taru, wasu a kan bonet, wasu kwance a kan katakansu. Aka buɗe ƙofofi huɗu don sauti ya fita.

Waƙa na bin waƙa, ba tasu. Iska mai ɗumi na kawo ƙamshin man kwakwa da 'yan mata ke shafawa. Lorna ta kwantar da kai a kafaɗarsa tana zana wani abu a yashi da yatsan ƙafa. Tsuntsayen ruwa na wucewa a jere, ƙasa-ƙasa, ba su ko kaɗa fiffike. Ni kaina da na zo da niyyar yin gargaɗi sai na ji jikina ya mutu, na manta da bakina.

Abin dariyar shi ne, duk wanda ke wurin ya san lokacin dawowar ruwa fiye da sunan kakarsa. Da shi suke tashi, da shi suke kwana. Amma gwanin ruwa shi ruwa kan ci. Kowa ya ga kumfa ta fara lasar tayar baya, kowa ya ce a ransa, waƙa ɗaya dai.

Da ruwa ya kai idon sawu, sai na lura hasken rediyon ya dusashe, murya ta yi ƙasa. Na taɓa zama yaron mota a ƙuruciyata, na san wannan alamar.

Na ce, "Wendell, batir ɗinka ya kusa. Abin da ya rage ba zai ishi biyu ba. Ko ka tayar da inji yanzu mu fita, ko rediyo ya shanye."

Rufino ya daina wasa. Ya ce, "Aboki, tayar da ita. Shekara nawa ka yi kana goge ta? Faifan ai yana gidan su Lorna, mu je mu sa maka har ka gaji."

Wendell ya ce, "Faifai daban, rediyo daban. A faifai ni kaɗai nake jin kaina."

Ya shiga ya zauna, ya ɗora hannu a kan makulli. Daidai nan mai gabatarwa ya ce bayan tallan man goge baki akwai wasu sababbin yara daga bakin teku. Wendell ya dubi Lorna.

Ta ce, "Kada ka kalle ni. Ni ba motar na ce ina so ba tun farko, wari take yi na kaji."

Ya yi dariya, ya janye hannunsa.

Tallan nan ban taɓa jin mai tsawonsa ba. Igiya ta zo ta ɗaga motar kaɗan ta ajiye, tayoyi suka nutse. Muka hau rufi, Wendell da Lorna da ni da kwandona. Sauran suka kwanta a kan katakai suka kewaye mu suna lilo a kan ruwa.

Sai jita ta shigo, mai amo kamar daga cikin rijiya, gangar Rufino na biye da gudunta, sannan muryar. Ta fito ta ƙofofin nan huɗu ta kwanta a kan ruwan da ya zama jan ƙarfe. Ba ta yi kama da ta yaron da ke cin dankalina ba. Kamar ta wani ce da bai taɓa jin yunwa ko tsoro ba, wanda ba za a taɓa kiransa ko'ina ba. Wendell na tsaye a kan rufi, baki a ɗan buɗe, yana sauraro kamar ana ba shi labarin wani baƙo. Lorna na bin baitinta a hankali, hannunta cikin aljihun wandonsa. Can nesa a kan titi na ga wata mota ta rage gudu, na ce a raina ga wani ma yana ji.

Waƙar ta kai ƙarshe. Mai gabatarwa ya ambaci sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yana cikin na Rufino ruwa ya kai rediyon, ya yi shiru.

Rufino ya ce, "Ka gani ko? Ni ko teku ba ta ƙaunata."

Aka ɗora ni a kan katakon wani kamar buhun gari aka tura ni gaɓa. Da na waiwaya, rufin motar kaɗai ake gani da eriya, rana na zaune a bayanta. Wendell bai waiwaya ba. Yana tafe yana rera abarsa ƙasa-ƙasa.

Da safe bas ya zo ya tafi da shi. Ba a sake sa faifan ba, ko a wannan tashar ko a wata. Motar kuwa yashi ya haɗiye ta, sai in ruwa ya janye sosai ake ganin da'irar sitiyari, yara na zama a kai.

Bayan shekaru ya dawo, ya yi ƙiba, kunne ɗaya ba ya ji, gashina kuma ya yi fari. Lorna ce ta kawo shi, da 'yarsu a kafaɗa. Ya zauna a inuwar rumfa ya daɗe yana kallon harshen yashin.

Ya ce, "Kawu, an sa ta kuwa? Wani lokaci can sai in ga kamar mafarki na yi."

Na ce, "An sa ta. Har ƙarshe."

Ya gyaɗa kai, ya cire takalmi, ya tura ƙafafunsa cikin yashi. Na zuba masa dankali.