Huda Biyar

Shekara goma sha ɗaya Rabi ta yi tana fama da ƙwannafi. Ta bar yaji, ta bar goro, ta sha kanwa har ta gaji, ta koma barci a jingine da matashi uku a bayanta. A gidan mijinta Alhaji Isiyaku kuwa, ciwon da bai kayar da mutum ƙasa ba, ba a kiransa ciwo. Alhaji mai saukar da baƙi ne a Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa. Fataken shanu in sun sauke kaya a kasuwar Akinyele gidansa suke kwana, kuma Rabi ke ciyar da su, yau mutum ashirin gobe talatin, da tukunyar da sai ta rungume ta kafin ta iya sauke ta daga murhu.

Da abin ya kai ruwan ɗaci na shaƙe ta in ta yi sujada, 'yarta Sakinat, mai aiki a kantin magani a unguwar Mokola, ta ja ta asibiti. Likita ya ce bakin tumbinta ne ya saki, sai an naɗe shi an ɗinke. Hanya biyu ce: ko a tsaga cikin daga ƙirji zuwa cibiya ta yi mako a gado, ko a yi huda biyar ƙanana a zura kamara a yi aikin ta nan, ta koma gida bayan kwana biyu. Abin da za a ɗinke a ciki ɗaya ne, in ji shi, haka ma sharaɗin: mako shida babu ɗaukar abu mai nauyi. Sakinat ba ta bari uwar ta buɗe baki ba ta zaɓi hudar. Rabi ta ji daɗi, don tana tsoron wuƙa.

Abin da yarinyar ta manta, duk da bokonta, shi ne yadda ake dubiya a gidansu. Mata ba sa tashi sai an ɗaga riga sun ga wurin, kuma da tsawon ɗinki ake auna kwanakin hutu. Ma'aunin kuwa Hajiya Ashatu ce, yayar Alhaji. Shekara ashirin da suka wuce an yi mata wannan aikin ta tsohuwar hanya, ta kwanta kwana arba'in ana yanka mata kaji, har yau kuma babu taron da ba ta ba da labarin tabonta.

Ranar da aka sallamo Rabi, Hajiya ta zo da mata cike da ɗaki. Ta ɗaga rigar da kanta, ta duƙa tana lalube, ta ƙirga 'yan filasta biyar da yatsa.

"Wannan ne aikin? Ai ko wanzami in ya zo ƙaho ya fi haka yanka."

Aka kwashe da dariya. Sakinat ta yi bayani da Hausa, ta koma Yarabanci, ta ƙare da Turanci, duk a banza. Aka ce mata asibiti ba ya sallamar marar lafiya.

A kwana na biyar fatake suka iso mota biyu. Alhaji ba mugu ba ne, shi dai abin da ido bai nuna masa ba ba ya yarda da shi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce baƙinsa ba za su ci abincin saye a buka ba yana da mata a gida.

"Oya, daure ki tashi. Yaya ta duba, ta ce babu komai a wurin."

Sakinat na wurin aiki. Rabi ta so ta ƙi, amma shekara goma sha ɗaya ana kiranta mai raki, ta gaji da sunan. Ta tuƙa tuwon, ta rungumi tukunyar, ta ji wani abu ya ja ta a ƙarƙashin ƙirji kamar zare ya tsinke. Ba ta gaya wa kowa ba, don me za ta nuna? Washegari ma ta dafa, haka jibi. Kafin wata biyu ruwan ɗacin ya dawo maƙoshinta, baƙin cikin kuwa ya fi shi ƙuna.

Da suka koma asibiti, hoto ya nuna ɗinkin ya zame. Likita ya tambaya ko ta ɗauki kaya mai nauyi, Sakinat ta sunkuyar da kai tana hawaye. Ya ce aiki na biyu ya fi wuya, amma zai iya sake gwadawa ta hudar. Wannan karon Rabi ta riga 'yarta magana, da Yarabanci tsaf don kada a ce bai ji ba.

"Likita, ka tsaga. Ka ja wuƙar har cibiya, ka yi ɗinkin manya-manya."

Ya ce mata hakan ya fi ciwo, kuma ya fi daɗewa bai warke ba.

"Na sani," in ji Rabi. "Akwai masu dubawa a gida."