Wanda Ya Danna Makunnin

Ina cikin shanya kayan makarantar yara aka kira ni a waya, aka ce in zo asibiti, inji ya kama hannun maigidana. Kafin in isa har sun shiga da shi ɗakin tiyata. Da suka fito da shi, hannunsa na dama iyakar gwiwa ya tsaya.

Maigidana bakanike ne a kamfanin da ke narka tsofaffin robobi ana yin bokitai. Shekararsa goma sha ɗaya a wurin, har abokan aiki na ce masa Injiniya. Ran nan injin niƙa roba ne ya shaƙe. Ya kashe shi, ya buɗe murfin baya, ya zura hannu yana zare wata waya da ta naɗe haƙoran. Dogo, mai kula da injin, ya dawo daga banɗaki, ya tarar da inji a kashe, ya ɗauka wuta ce aka ɗauke aka dawo da ita. Sai ya danna makunni.

Dogo ba baƙo ba ne a gidanmu. Shi ke ɗaukar maigidana a babur kowace safiya, matarsa kuma ita ke yi wa 'yata kitso. Na same shi tsugune a barandar asibiti, rigarsa jina-jina, don shi ya cire bel ɗinsa ya ɗaure hannun. Yana ganina ya miƙe.

"Yaya, wallahi ban san yana ciki ba."

Na ce, "Idonka fa? A gida ka baro shi? Taku biyu za ka yi ka leƙa bayan inji, ya gagare ka?"

Ya buɗe baki zai yi magana, na ce ya ɓace mini da gani. Da yamma na ji 'yan sanda sun tafi da shi, na ce Allah ya ƙara.

Sai a rana ta uku maigidana ya iya magana sosai. Abin da ya fara ce mini shi ne, "Kin huta, yanzu safar hannu ɗaya za ki riƙa wankewa." Ban yi dariya ba. Ya tambaye ni Dogo, na gaya masa inda yake. Sai ya ce in jawo kujera.

Ya ce a ƙa'ida makunnin nan yana cikin akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo. In bakanike zai yi gyara, sai ya kulle ya sa makulli a aljihu, ko wa ya zo ba zai iya kunnawa ba. Wata huɗu ke nan da kunnen akwatin, inda ake saƙala kwaɗon, ya karye. Sau uku yana rubuta wa manaja takarda. Manaja ya ce a rataya kwali a rubuta "Ana gyara" kafin a sayo sabo. Ranar ma ya rataya kwalin, iskar fanka ta kaɗar da shi ƙasa. Dogo kuwa tun jiyan ranar yake tsaye a bakin inji, don an sallami mai karɓarsa ba a ɗauki wani ba.

"Ni ma ina da nawa," in ji shi. "Da na kashe babban makunnin ɗakin gaba ɗaya. Na ƙi ne don in aiki ya tsaya ni ake yi wa ihu."

Na ce, "To hannun wa ya tafi? Naka ko nasu?"

Washegari manaja ya zo da lauyan kamfani, da ledar lemo. Ya zauna a bakin gado yana girgiza kai, yana cewa su duka a kamfani 'yan uwan juna ne.

"Madam, ki kwantar da hankalinki, mun riga mun miƙa mai laifin ga hukuma."

Lauyan ya zaro takarda ya ce maigidana ya dangwala yatsa, tunda sa hannu ba zai yiwu ba yanzu. Na karɓe na karanta. Sunan Dogo sau biyar, kalmar sakaci sau uku.

Na ce, "Ina maganar kwaɗo?"

Manaja ya ce, "Wane kwaɗo?"

"Wanda aka rubuta maka takarda sau uku a kansa."

Ya kalli lauyan, lauyan ya kalli agogonsa. Manaja ya ce irin wannan magana ta masu fasaha ce, ba ta mata ba. Na ninke takardar na sa masa a cikin ledar lemonsa, na miƙa masa duka biyun, na buɗe ƙofa. Wata nas da ke canza ruwa a gadon kusa ta juya baya tana gyara abin da ba ya bukatar gyara.

Bayan wata biyu aka shiga kotu. Mai gabatar da ƙara ya nuna hoton makunnin, yana cikin sabon akwati, da kwaɗo mai sheƙi. Takardun nan uku an ce an bincika ofis kaf ba a gan su ba. Da aka kira maigidana shaida, ya fara bayani tun daga farko, sai aka katse shi.

"Tambaya ɗaya ce. Wa ya kunna injin?"

"Dogo ne, amma..."

"Ya isa."

Lauyan da aka ba Dogo ya yi ƙoƙarin tayar da maganar akwatin, aka ce ba kamfani ake tuhuma ba. Shi kansa Dogo bai taimaki kansa ba. Da aka tambaye shi, ya ce, "Ni na danna. Ban leƙa ba." Alƙali ya rubuta, ya ba shi shekara ɗaya a gidan yari saboda sakacin da ya jawo rauni mai tsanani. Matar Dogo ta zauna a ƙasa tsakanin benci, jaririnta a baya, ba ta ko yi kuka ba.

A bakin kotu na tare manaja yana shirin shiga mota.

Na ce, "Yaushe ka sayi kwaɗon nan?"

Ya ce, "Madam, kotu ta gama magana."

"Ba kotu na tambaya ba. Ranar da aka yanke hannun ka saya, ko ka bari sai washegari?"

Ya rufe ƙofa, direba ya ja. Ina tsaye ina ta ɗaga murya, har sai da yayana da ya rako mu ya riƙo ni ya ce mutane na kallo. Na ce su kalla.

Mun kai ƙara ofishin kula da ma'aikata. Abokan aikinsu biyu sun yi alkawarin za su faɗi gaskiya, ɗaya ya kashe wayarsa, ɗaya ya turo matarsa ta ba ni haƙuri, ta ce yara biyar gare su. Har yau duk lokacin da na je, sai a ce fayil ɗin yana teburin oga.

Dogo ya fito bayan wata takwas, an yafe masa sauran. Babu kamfanin da ya yarda ya ɗauke shi, yanzu dakon kaya yake yi a babur. Makon jiya ya yi sallama a ƙofar gidanmu, ya rame har ban gane shi ba da farko. Maigidana ya ce ya shigo. Ya miƙa masa hannun hagu, Dogo ya rasa wanne zai miƙa, daga ƙarshe ya kama da duka biyun.

"Kawo masa ruwa mana," in ji maigidana.

Na kawo, na ajiye a gabansa. Ya ce, "Na gode, Yaya." Na kau da kai, don har yanzu in na ga yatsunsa zuciyata tafasa take yi. Na koma kicin. Ina jin su suna hirar wata ƙara da injin babur ɗin Dogo yake yi, maigidana yana ce masa ya turo shi tsakar gida ya kunna, zai gaya masa inda zai kwance.